Peter Westbrook da wasan takobi: amsa ga uwar da ɗanta ya cika faɗa

Wata uwa daga unguwar Birni, a nan Damagaram, ta aiko da tambaya. Ta ce ɗanta mai shekara 14 ya cika faɗa, ba a rufa mako ba a kawo mata ƙararsa ba, ko daga lakwal ko daga unguwa. Kwanakin baya ya ga wasan takobi na gasar Olamfik a wayar yayansa, abin ya shiga ransa, har yana sassaƙa itace yana kwaikwayo da ƙannensa. Wani malaminsu ya ce mata akwai baƙar fata ɗan Amurka da wannan wasa ya raba shi da yawon banza, ya zama zakara, daga baya ya koma horar da yara. Tana son sanin ko gaskiya ne, wane ne mutumin, kuma ko koya wa yaro mai zafin zuciya riƙon takobi ba zai ƙara lalata shi ba.

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Malamin bai yi miki ƙarya ba. Sunan mutumin Peter Westbrook, ya rasu a watan Nuwamba na 2024 yana da shekara 72. Ni aikina koyar da wasannin motsa jiki ne, kuma tarihinsa yana cikin waɗanda nake yawan komawa gare su idan aka kawo mini yaro irin naki.

An haife shi ranar 16 ga Afrilu, 1952. Mahaifinsa baƙar fata ne, sojan Amurka, ya haɗu da mahaifiyarsa Mariko a Japan ya auro ta. Zaman bai yi daɗi ba. Peter yana ɗan shekara 4 uban ya bar gidan, ya bar Mariko da ƴaƴa biyu a ƙasar da ba ta da dangi, ba ta da dukiya. Ta raine su a birnin Newark na jihar New Jersey, a rukunin benayen gwamnati na talakawa da ake kira Hayes Homes. A bakin waɗannan benaye tarzomar 1967 ta ɓarke, aka yi kwanaki ana ƙone-ƙone da harbe-harbe, mutum 26 suka mutu. Peter yana da shekara 15 a lokacin. Shi da bakinsa bai taɓa ɓoye irin yaron da yake ba: faɗa a titi, ƴan ɗauke-ɗauke, fushi kullum a ƙirji. Ga talauci, ga tsokanar yara saboda kamanninsa, don shi ruwa biyu ne.

Mariko ta yi faɗi-tashi har ta sa shi a wata sakandare ta ƴan Katolika mai suna Essex Catholic, inda wani likita, Samuel D'Ambola, yake koyar da wasan takobi. A ƙasarsu Japan takobi abin girmamawa ne, ta kuma lura cewa masu wannan wasa a Amurka ƴaƴan manya ne, masu zuwa jami'a. So take ɗanta ya sauya abokan zama. Yaron bai da sha'awa, sai ta yi masa tayin dalar Amurka 5 in zai je darasi. Kuɗin ya bi ya je. Da ya riƙe takobin sai ya tarar duk abin da titi ya koya masa, saurin ido, rashin tsoron duka, iya karanta mutum kafin ya motsa, a nan yabonsa ake yi a kansu maimakon a kore shi.

Ina son ki lura da abu guda a nan, Hajiya. Uwar ba ta jira ya natsu tukuna kafin ta kai shi ba. Da zafin nasa ta kai shi.

Bari in bayyana yadda wasan yake, don a cikinsa amsar tambayarki ta ƙarshe take. Ana yin sa a kan wani siririn fili mai tsawon mita 14, faɗinsa bai wuce mita 2 ba. Babu zagaye, babu gudu gefe, gaba ne ko baya. Takubban iri uku ne: fulore da efe, waɗanda da tsini kawai ake suka da su, sai sabar, wanda ake sara da shi, ana kuma suka. Sabar shi ne na Westbrook. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba, ba shi da kaifi, bakinsa a naɗe yake. Inda aka yarda a taɓa shi ne daga ƙugu zuwa sama, har kai da damtse. A zagayen farko wanda ya riga kai taɓi 5 ya ci, a zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuwa sai 15. Alƙalin wasa da Faransanci yake ba da umarni a gasannin ƙasa da ƙasa, wannan ma sauƙi ne ga yaranmu.

Dokar da ta fi muhimmanci a sabar ita ce ta haƙƙin kai hari. Idan su biyun suka sari juna a lokaci ɗaya, ba a raba musu maki. Wanda ya fara kai hari bisa ƙa'ida shi ke da maki. Ɗayan kuwa dole ya tare saran da takobinsa tukuna, ko ya kauce har saran ya faɗi a iska, sannan haƙƙi ya dawo hannunsa. To, ɗauki yaro mai fushi ki tsayar da shi gaban wanda ya iya. Da an ce a fara zai zabura da dukkan ƙarfinsa. Gwanin zai ja da baya taku ɗaya da rabi, bakin takobin yaron ya wuce gaban ƙirjinsa da ɗan yatsa, yaron ya tsaya a miƙe, ƙafar gaba ta riga ta sauka, nauyinsa duk ya tafi gaba. Kafin ya tattara jikinsa an ɗora masa sara a kwalkwali, tas, fitilar da ke nuna an taɓa ta kama. A koma tsakiya. Ya ƙara fusata, ya ƙara zabura, a ƙara ɗora masa. Sau biyar, wasa ya ƙare, ko minti ɗaya ba a yi ba. Sannan dole ya cire kwalkwali, ya ɗaga takobi ya gai da wanda ya doke shi, ya gai da alƙali. Ƙin gaisuwar nan laifi ne mai kai mutum ga kora daga gasa.

Duk wanda ya zauna a filin kokawa na Langa-Langa ya san wannan: ɗan kokawar da ya shigo yana huci yana rarumo, shi ake kayarwa da ƙarfin kansa. Wasan takobi yana koya wa yaro wannan darasi sau da dama a yamma ɗaya, ba tare da wani ya yi masa wa'azi ba. Yaro mai son cin nasara, kuma masu faɗa duk suna so, da kansa zai fara neman yadda zai riƙe zuciyarsa, don ya gaji da shan sara.

Westbrook ya samu gurbin karatu kyauta a Jami'ar New York saboda wasan. A 1973 ya zama zakaran jami'o'in Amurka a sabar, a 1974 ya ci kambin ƙasa baki ɗaya yana da shekara 22. Wanda ya ƙera shi da gaske shi ne Csaba Elthes, ɗan ƙasar Hangari da ya yi hijira zuwa Amurka bayan boren 1956. Hangari kuwa a wancan zamani ita ce gidan sabar. Daga 1924 har 1964 babu gasar Olamfik da ɗan wata ƙasa ya ci zinaren sabar na mutum ɗaya. A cikin gwanayen Hangari akwai Aladár Gerevich, wanda ya ci zinare tare da tawagarsu a gasa shida a jere, daga 1932 zuwa 1960, na ƙarshen yana da shekara 50. Wannan ilimi Elthes ya tsallako da shi.

Amma Elthes mutum ne mai tsanani ƙwarai. Idan ɗalibi ya yi kuskure yakan tsula masa takobi a ƙafa. Westbrook ya taɓa barinsa saboda haka, daga baya ya komo, suka zauna tare shekaru masu yawa. Mutanenmu da dama in sun ji wannan sai su ce ka gani, duka ne ya gyara shi. Ban yarda ba. Yaron da ya tashi a Hayes Homes ba duka ne ya rasa ba, ya sha shi tun yana ƙarami bai gyaru ba. Abin da ya samu wurin Elthes shi ne gwani da ya tsaya gabansa kullum, sanye da rigar fata, yana buɗe masa kafa yana rufewa, yana maimaita masa motsi ɗaya har hannu ya haddace. A wannan wasa darasi na mutum biyu ne, malami da ɗalibi, fuska da fuska. Ga yaron da uba ya bari, babban mutum ya ware masa lokaci shi kaɗai kowace rana, har tsawon shekaru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dukan aibin malamin ne, kuma saura kaɗan ya sa a yi asarar ɗalibin.

Ya ci kambin Amurka sau 13, takwas daga ciki a jere, daga 1979 zuwa 1986. An zaɓe shi cikin tawagar Olamfik sau shida, daga 1976 zuwa 1996. Ta 1980 bai je ba, domin Amurka ta ƙaurace wa gasar Mosko saboda shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afganistan. Yana da shekara 28 a lokacin, ganiyar ƙarfinsa, siyasa ta cinye masa ita. Kuma wasan ba ya ciyar da mutum a can, sai da ya riƙa aikin albashi da rana yana horo da yamma.

Ranarsa ta zo a Los Angeles a 1984. Jean-François Lamour na Faransa ya ɗauki zinare, Marco Marin na Italiya azurfa, Westbrook ya doke wani Bafaranshe ya ɗauki tagulla. Shi ne baƙar fatar Amurka na farko da ya ci lamba a wasan takobi a Olamfik, kuma rabon Amurka da kowace lamba a wasan tun 1960. Abu biyu ya kamata a faɗa don adalci. Na ɗaya, a shekarar Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta sun rama ƙauracewa, don haka gwanayen Hangari da Rasha da Polan ba su zo ba, kuma da sun zo da hanyar ta fi haka wuya. Na biyu, a lokacin ba a sa wa sabar lantarki ba tukuna. Babu fitila, idon alƙalai ne ke yanke wanda ya taɓa, kuma alƙalan yawanci Turawan Turai ne da suka saba ganin nasu suna ci. Baƙo daga ƙasar da ba a san ta da wasan ba sai ya yi saran da ba mai iya musunsa. Na farkon yana rage wa lambar nauyi, na biyun yana ƙara mata.

A wurina dai tagullar nan ba ita ce babban aikinsa ba. Masu tagulla a Olamfik suna da yawa, an manta da mafi yawansu. A 1991, tun bai bar gasa ba, ya kafa gidauniya mai sunansa a New York don koya wa ƴaƴan talakawa wasan, galibinsu baƙaƙe da ƴaƴan baƙin haure. Da yara ƙalilan aka fara, ranar Asabar da safe, a zauren wata tsohuwar ƙungiyar masu wasan takobi. Kayan aro ne, kuɗin shiga ɗan kaɗan. Sai ya ɗaura wasan da karatu: akwai masu yi wa yara bitar darasi, ana duba sakamakon jarrabawarsu, ana sa su rubutu. Wanda ya nuna hazaƙa a wasan ana ɗaukarsa zuwa horo na kullum, amma in makinsa na makaranta ya faɗi, ba a kau da kai don ya iya sara. Ya san cewa cikin yara ɗari da wuya ɗaya ya je Olamfik, sauran kuwa dole su fita da abin da za su rayu da shi.

A cikin waɗannan shekaru na farko ne aka kashe mahaifiyarsa. Wata mata ce ta yi mata duka a cikin motar bas a Newark, ta rasu. Matar da ta fitar da shi daga tashin hankalin titi, shi ya ci ta. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana rama duk abin da aka yi masa bai rufe makarantar ba, ya ci gaba da tara yaran irin waɗannan unguwanni kowace Asabar, kusan shekara talatin bayan haka. Duk lokacin da na zo nan a tarihinsa sai jikina ya yi sanyi.

Ga abin da makarantar ta fitar. Keeth Smart da ƙanwarsa Erinn suna cikin ɗaliban farko. A 2003 Keeth ya zama ɗan Amurka na farko da ya hau matsayi na ɗaya a duniya a wasan, kuma shi da Erinn kowa ya dawo da azurfa daga Beijing a 2008 tare da tawagarsa. Daryl Homer ya ci azurfar sabar a Rio a 2016, ya sha kaye a wasan ƙarshe a hannun Áron Szilágyi na Hangari. Lauren Scruggs ta ci azurfar fulore a Paris a 2024, watanni kaɗan kafin rasuwar malamin. Sai Ibtihaj Muhammad, Musulma, wadda iyayenta suka zaɓa mata wasan tana da shekara 13 saboda kayansa suna rufe jiki ruf daga kai har ƙafa. Ta shiga gidauniyar a 2002, a 2016 ta zama mace ta farko da ta wakilci Amurka a Olamfik sanye da hijabi, ta ci tagulla tare da tawagar sabar. Na kawo ta ne musamman saboda iyayen ƴan mata da ke karanta wannan. Wasu tsofaffin ɗaliban kuma, irin su Akhi Spencer-El, sun dawo sun zama masu horarwa a wurin da aka raine su. Da wannan nake auna malami: ko ya bar waɗanda za su koyar bayansa.

Kada ɗanki ya ɗauka wasan na Turawa ne kaɗai. Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a Landan a 2012, lambar farko ke nan ga Afirka a wasan takobi na Olamfik. Inès Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a 2016. A Paris a 2024 Farès Ferjani na Tunisiya ya ci azurfar sabar, Mohamed El-Sayed na Masar ya ci tagullar efe, kuma a gasar ce Evann Girault ya wakilci Nijar a sabar. A Dakar akwai makarantar horar da malaman wasan takobi ta Afirka. A garin Thiès na Senegal ma an yi shekaru ana koya wa yaran da ke tsare a gidan yari wasan, don su koyi bin doka da girmama abokin karawa.

Yanzu ga abin da nake ba ki shawara. Sandunan nan a karɓe su. Ba a wannan wasa sai da kwalkwali mai ragar ƙarfe da riga mai kauri da safar hannu, kuma ko da su an taɓa yin rashi. A 1982, a gasar duniya a Roma, takobi ya karye ya huda kwalkwalin zakaran Olamfik Vladimir Smirnov, ya rasu bayan kwanaki. Bayan wannan ne aka tsaurara ƙa'idar ƙarfen takobi da ta kwalkwali da ta riga, shi ya sa yau wasan yana cikin masu ƙarancin mummunan rauni. Itace mai tsini tsakanin yara biyu babu kariya kuwa, ido ne zai tafi.

Kayan gaskiya suna da tsada, daga waje ake kawo su, ba a kasuwar Dole ake samunsu ba. Ki tura yayansa ofishin matasa da wasanni na jiha ya tambayi yadda ake tuntuɓar hukumar wasan takobi ta ƙasa a Yamai. Kafin nan akwai abin da zai iya farawa ba da ko dala ba, domin rabin wasan a ƙafa yake. A ja layi mai tsawon mita 14 a tsakar gida ko a filin makaranta. Ya tsaya a karkace, ƙafar gaba tana kallon gaba, ta baya a gicciye, gwiwoyi a lanƙwashe. Taku gaba, taku baya, ba tare da kai ya yi sama da ƙasa ba. Su biyu su fuskanci juna hannu wofi, ɗaya yana ja ɗaya yana bi, tazarar da ke tsakaninsu kada ta ƙaru kada ta ragu. Minti goma na wannan cinya za ta yi masa zafi, kuma a nan za ki gane ko son wasan yake da gaske ko kallo ne ya burge shi.

In kuma ba a samu malamin takobi kusa ba, kada ki ce shi ke nan. Taikwando yana nan, shi ya kai Abdoul Razak Issoufou Alfaga ga azurfa a Rio a 2016 da kambin duniya a 2017. Akwai judo, akwai dambe, wanda Issaka Daboré ya kawo wa Nijar tagulla da shi tun 1972, ga kokawarmu. Kowannensu yana da doka da alƙali da gaisuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar yaro mai zafi ya tafi inda samari ke ɗaga ƙarfe su kaɗai babu babba a kansu, don can ƙarfi kawai zai ƙara, babu mai koya masa inda ake tsayawa.

Ko wane wasa ne, ki je da kanki, ko ki sa kawunsa ya je, a zauna a kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. A duba ko malamin yana dukan yara ko zaginsu. A duba yadda yake yi da yaron da aka kayar, da wanda ya yi fushi ya jefar da kaya. A tambaye shi ko zai yarda a riƙa kawo masa takardar sakamakon yaron kowane zangon karatu, ko kuma zai dakatar da shi daga horo in aka kawo ƙarar ya yi faɗa a waje. Malamin da ya amsa waɗannan da e, ku yi magana ku uku a gaban yaron, ya ji sharaɗin da kunnensa, sannan ki ba su shekara guda cur kafin ki yanke hukunci, don a watannin farko za a iya ci gaba da kawo miki ƙara.